Huhu Mai Jan Zare

A Zongon Lome, in mace ta ce za ta kitso wurin Zuhura, maigidanta ya san ranar abinci zai makara. Ba nawar hannu gare ta ba, bakinta ne ke riƙe mutane. Kowace Lahadi da rana sai ta ɗaura ɗankwali ta tafi sinima, ran Litinin kuma ta shimfiɗa tabarma gindin dalbejiyar ƙofar gidansu, kan wata na tsakanin gwiwoyinta, ta juye wa mata fim ɗin tun daga fari har ƙarshe. Wadda aka gama wa kitso ba ta tashi. Wadda ba kitson ya kawo ta ba ma sai ta zo da tsintar shinkafarta ta zauna.

Indiyancin da take ji bai taka kara ya karya ba. Tana yarinya ta yi aikatau a gidan wani Ba'indiye mai shagon yadi a kasuwar Adawlato, ta tsinci 'yan kalmomi a bakin matarsa, sauran kuma idonta ke cike mata. Amma tana da wata dabara da ta sa babu mai kama ƙafarta. Ta lura sunayen Indiyawa ba sa zama a kan matan Zongo, kafin a kai tsakiyar labari sun rikice, wannan ta ce wane ne ya mutu, waccan ta ce ai shi ne angon. Sai ta watsar da sunayen gaba ɗaya ta ɗora na mutanen unguwa. Attajirin fim ya zama Alhaji Buraima mai shanu, tsohuwar da ke kuka ta zama Inna Meimuna, birnin Indiya ya koma Lome. Kowa ya san wasa ne. Har akwai masu aikowa a tambaya ko an sa su a na wannan makon, in ba a sa su ba su ji haushi.

Taƙadarin fim kuwa kullum na mutum ɗaya ne, Idrisu, ƙanin mijinta Audu. Wasan ƙanin miji ne tsakaninsu tun ranar da aka kawo ta gidan, da ya tare ƙofa ya ce shi ne mijin na gaske, yayansa riƙon ƙwarya yake masa. Yana ce mata "matata mai rediyo", tana ce masa "mijin wahala". Direban lori ne, yana ɗauko goro daga Gana ta iyakar Aflawo, kuma bai taɓa dawowa ba tare da ya riƙo mata burodin Gana ba. A bakin Zuhura Idrisu ya yi sata, ya yi fashi, ya mutu ya fi a ƙirga, shi ko in aka ba shi labari sai ya riƙe ciki don dariya.

Akwai wani mai shirya fim da Zuhura ba ta haɗa shi da kowa. Babu wanda ya riƙe sunansa a Zongo, Mai Kwalekwale ake ce masa, don duk fim ɗinsa da kwalekwale yake buɗewa, shi kaɗai a bakin teku babu kowa ciki. Shi ba ya yin ɓarawo mai jan ido da ƙatuwar dariya. Nasa ɓarawon yana da uwa, yana da ciwon baya, yana tsayawa ya sayi shayi. Kafin ka farga kana yi masa addu'a kada a kama shi. Zuhura takan ce, "Wannan bawan Allah, ƙaryarsa ta fi gaskiyar wasu kama da gaskiya."

Fim ɗinsa da aka kawo a wannan karon labarin wani direba ne da wani babban mutum ya yaudara, ya riƙa ɗauko masa bindigogi a cikin dilolin auduga, ana shafa jan fenti a kan dilar da ke da kayan. Direba kuma! Zuhura ta ga ai an ɗinka wa Idrisu riga. Ran Litinin, shi yana can Gana, ta zauna da kan matarsa Asiyatu a hannu ta buɗe baki. Auduga ba abin Zongo ba ce, sai ta mai da ita goro. Jan fenti kuma ta mai da shi jan zare, don ta sha ganin yadda 'yan goro ke ɗaura zare a huhu kowa ya gane nasa. Maɓoyar bindigogin, da ke bayan rumfar wani kafinta a fim ɗin, ta ajiye ta a unguwar Be.

"Sai Idrisu ya iso iyaka," in ji ta, "ya sauke gilashi, ya gaida jami'i da Faransanci, ya ce, bonjur shef. Zuciyarsa na dukan uku-uku, amma fuskarsa kamar ta liman. Huhu mai jan zare na can ƙasa, bindigogi kwance cikin ganye."

"Wayyo, Yaya, ki bar mini miji haka nan," in ji Asiyatu, tana dariya har kitson na kufcewa.

"Tsaya cak, matar ɗan fashi, kada in karkace miki tsaga."

Ranar an yi dariya har la'asar ta kusa wucewa.

To, Zongo, Allah ya shirye mu, ba ma barin magana ta kwana inda aka yi ta. Labarin ya tashi daga gindin dalbejiya ya je famfo, daga famfo ya shiga babbar kasuwa, daga nan ya gangara unguwar Kojobiyakofe wurin 'yan canji. Kuma shi labarin fim in ya yi tafiya, waƙoƙin ne ke fara zubewa a hanya. Rawar ta zube, budurwar da ke gudu cikin furanni ta zube, Indiya kanta ta zube. Abin da ya rage shi ne wani Idrisu, direban goro, da huhu mai jan zare, da rumfar kafinta a Be. Zamanin jam'iyya ɗaya ne kuma, kunnen gwamnati ya fi na zomo tsawo, a shekarar ko ana ta raɗe-raɗin makamai na shigowa ta iyakar Gana.

Ranar da Idrisu ya dawo daga Gana, da hantsi suka tare shi a tashar lori, waɗannan mutanen da ba a kiran sunan ofishinsu. Suka farke huhunan goro ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, goro ya watsu a ƙasa fari da ja, ba su sami ko allura ba. Duk da haka suka tura shi cikin mota suka tafi da shi. Kafintan Be ma an kwashe shi, wani bawan Allah da bai taɓa jin sunan Idrisu ba, amma shi an sako shi da wuri.

Gidan ya cika da salati. Babu wanda ya san dalili, sai da Audu ya dawo daga yawon neman ƙaninsa, ya zube kan turmi a tsakar gida ya cire hula.

"Ban gan shi ba," ya ce. "Ni ma tambayoyi suka yi mini. Wai ina huhu mai jan zare. Wai wace rumfa ce a Be yake sauke bindigogi. Idrisu da bindiga! Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Wane maƙiyi ne ya ƙulla mana wannan?"

Zuhura na riƙe da ludayi. Ta ɗaga ido, sai ta ga Asiyatu a ƙofar ɗakinta tana dubanta. Asiyatu ta zauna a nan dokin ƙofa, ta zare ɗankwali, ta kama tsefe kitson da Zuhura ta yi mata, wanda ko tsufa bai fara ba. Sai da ta tsefe shi tas, a gaban kowa, sannan ta shiga ɗaki. Da ta zage ta ne, ko ta mare ta, da Zuhura ta fi samun sauƙi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan karon ba haka aka yi ba, tsuntsun na zaune a gida, ruwan na dukan wani. Abin da ya hana Zuhura cin abinci ke nan. Ta nannaɗe tabarmar kitso ta jingine. Matan da suka yi dariya ranar kuwa kowace ta kama bakinta, in sun haɗu da ita a famfo sai su gaishe ta da sauri su wuce, ka ce ba da su aka yi ba. Ita ba ta ga laifinsu ba. Su sun ɗauki maganar ne, amma ita ta haife ta, ita ta sa mata jan zare. Da ta bar auduga a audugarta, da babu mai kallon lorin Idrisu sau biyu.

Da abin ya ishe ta, ta sami Audu bayan sallar asuba ta durƙusa ta faɗa masa komai.

"Fim?" ya ce. "Ɗan'uwana na can ana jibgarsa saboda fim?"

"Malam, ka bar ni in je in gaya musu."

"Ki je ki ce me? Ki ce gwamnati ta kama mutum kan tatsuniyar mai kitso? Su haɗa da ke, su haɗa da ni. Ki rufe bakin nan naki, ai ya yi aikinsa."

Ba ta rufe ba. Ta je sinima, mai tsaron ƙofa ya ce fim ɗin ya wuce Kwatano, daga can ma Allah kaɗai ya san inda zai nufa. Ta fito ba ta ganin gabanta, ƙafa ta kai ta Adawlato, shagon tsohuwar uwar ɗakinta. Ta tarar da matar Ba'indiyen ta kunna turare gaban hoton wani tsoho mai tabarau da ta yanko daga jarida. Matar ta ce ai mai yin fina-finan nan ne da Zuhura ke so, ya mutu. Ta ce a ƙasarsu duk masu yin fim ɗin 'yan fashi a wurinsa suka koya, kuma Indiyawan Lome sun haɗa kai za su dawo da fim ɗin direban a nuna shi sau ɗaya ran Lahadi don tunawa da shi. Zuhura ta yi wa mamacin addu'a irin wadda ta iya, kuma ta ji kunyar yadda mutuwarsa ta faranta mata rai.

Daga nan ta zarce gidan Bobbo, wakilin jam'iyya na unguwa, mutumin da ke tara matan unguwa su yi rawar tarbar manya. Bobbo ya ji bayani ya dafe kai.

"Zuhura, so kike ki kashe ni? In gayyato kumandan masu tsare da Idrisu kallon Indiya?"

"Matarsa na son Indiya, kowa ya sani. Kai dai ka ce Indiyawa ne suka gayyace shi. Sauran ka bar mini."

"In ta ɓaci, ban san ki ba."

"Na yarda."

Kumandan ya zo, da matarsa, da baƙin tabarau da bai cire ba sai da aka kashe fitila. Zuhura na zaune a bayansu. Kwalekwale ya fito a bakin teku babu kowa ciki. Ita ba ta kalli fim ɗin ba ranar, ƙeyar kumandan ta yi ta kallo. Ta ga ƙeyar ta miƙe lokacin da direba ya iso shingen 'yan sanda ya sauke gilashi. Ta ga ya gyara zama da aka nuna maɓoyar bayan rumfar kafinta. Da aka harbe direban a bakin ruwa, matarsa ta yi ta sharar hawaye, shi ma ya yi tari ya fito da hankici.

A waje, rana ba ta faɗi ba tukuna, Zuhura ta sha gabansa ta durƙusa kan tsakuwa. Ɗan arewacin ƙasar ne, yana jin Hausar kasuwa.

"Ranka ya daɗe, direban nan da ka gani, shi ne Idrisun da ke hannunku. Ni na sa masa sunan. Ni mai kitso ce, haka nake ba mata labari."

Ya mai da tabarau ya dube ta. "Madam, ni auduga na gani. Ban ga goro ba. Ban ga zare ba."

"Ni na sa su, ranka ya daɗe."

"Don me?"

"Don labarin ya yi daɗi."

Kumandan ya fashe da dariya. Ya juya ya maimaita wa matarsa da Faransanci, ita ba ta yi dariyar ba. Sannan ya ce, "Wala, shi ke nan! Ya yi daɗi kuwa. Mu ma mun ji daɗinsa." Ya shiga mota ya bar ta a durƙushe.

Ba a sako Idrisu washegari ba, ba a kuma sako shi a makon ba. Hukuma ba ta cewa ta yi kuskure, sai dai ta bari abin ya huce. Damina ta shigo ta yi nisa, sannan wata rana da azahar aka gan shi yana tahowa da ƙafa daga bakin titi, riga na reto a jikinsa. Aka yi guɗa, aka yi kuka, Audu ya yanka rago. Amma hannunsa na dama yatsun sun ƙage, ba sa rufuwa ba sa buɗuwa. Mai lorin ya zo ya yi barka, ya dubi hannun, ya sa albarka ya tafi. Kowa ya gane lori ya ƙare.

Zuhura ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa ta ce ya yafe mata. Ya ce, "Ba komai, Yaya Zuhura. Allah ya yafe mana duka." Yaya Zuhura. Tunda aka kawo ta gidan bai taɓa kiranta haka ba. Kullum da safe sai ya gaishe ta da ladabi kamar surukarsa, ita kuma ta amsa kanta a ƙasa. Wannan ladabin ya fi komai cin ranta. Ta daina zuwa sinima. Da ta koma kitso, don dole a ci abinci, shiru take yinsa, mata suka ragu, abincin mazan Zongo ya daina makara.

Wata Litinin da la'asar tana gindin dalbejiya tana yi wa wata yarinya kalaba, sai ga Idrisu ya jawo kujera ya zauna gabanta. Asiyatu ta fito ta tsaya a bakin zaure.

"Yaya Zuhura, roƙo na zo."

"Faɗi, ko mene ne."

"Ki ba ni labarin fim ɗin nan."

Hannunta ya tsaya cikin gashin yarinyar. "Idrisu, don girman Allah."

"Duk Lome an ji shi. 'Yan canji sun ji, kumandan ya gani da idonsa, har kafintan Be an ba shi. Ni kaɗai ne ban ji ba."

Zuhura ta fara. Ta ce wani direba ne a can Indiya, ta laluɓo sunansa na Indiyanci ta faɗa a karkace, ta ce yana ɗaukar auduga.

"A'a," ya ce. "Ba wannan ba. Yadda kika ba su ranar. Da goron, da zaren. Ki sa sunana."

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Ina so in san mutumin da aka daka." Ya ɗora shanyayyen hannun a gwiwarsa. Babu faɗa a muryarsa. "Kin san, a can kullum abu ɗaya suke cewa. In ƙarasa musu labarin. Su sun san farkonsa, wai ni na san ƙarshensa. Na yi ta ƙago musu, ba ya dacewa da nasu, sai su sake. Wallahi da na zauna a nan ranar na saurara, da tun daren farko na ba su abinsu, na dawo da hannuna."

Asiyatu ta toshe baki da gefen mayafi. Zuhura ta ji hawaye na gangarowa har cikin bakinta, ba ta share ba, don hannuwanta biyu na cikin gashi.

"Ina jin ki," in ji Idrisu.

Ta ɗauki tsinken kitso ta tsaga sabon layi.

"Sai Idrisu ya iso iyaka," ta ce, "ya sauke gilashi."